Biza, Fasfo da Bashin Dillali: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tafiyar Matan Tailan Masu Sana'ar Karuwanci Zuwa Ƙasashen Waje

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin matan Tailan da ke sana'ar karuwanci ko suka taɓa yi, da danginsu, da mazan ƙasashen waje da ke neman aurensu, da ma'aikatan agajin da ke tsaya musu. An tattara su don a ga yadda dokokin shige da fice ke bi da waɗannan mata, da kuma kafar da dillalai ke bi su cuce su. Ƙa'idojin biza na sauyawa, don haka wanda abin ya shafa ya tuntuɓi ofishin jakadancin ƙasar da za a je, ko lauya, kafin ya ɗauki mataki.

Shin dokar Tailan ta yarda da karuwanci?

Ba ta yarda ba, ko da yake duk wanda ya ratsa Patpong ko Nana a Bankok da dare, ko ya ga Pattaya, zai ɗauka an yarda. Dokar hana karuwanci ta 1996 ta tanadi tarar da ba ta wuce baht 1,000 (kuɗin Tailan) ba ga macen da ke neman maza a bainar jama'a. Wadda aka kama a gidan da ake sana'ar kuma tana iya shan ɗaurin da bai wuce wata guda ba, ko tarar baht 1,000, ko duka biyun. Hukunci mai nauyi yana kan kawalai da masu gidajen: ɗaurin shekara 1 zuwa 10 ga mai samo mace ya kai ta, ko a cikin ƙasar ko a waje, da shekara 3 zuwa 15 ga mai gidan ko mai gudanar da shi.

Abin da ke rikita mutane shi ne dokar wuraren shaƙatawa ta 1966, wadda ke ba mashaya da gidajen tausa lasisi. A takarda, macen ma'aikaciyar mashaya ce ko mai tausa. Ƙungiyar Empower, mai kare haƙƙin masu sana'ar, da aka kafa a 1985, ta daɗe tana fafutukar a soke hukunta matan, kuma a 2023 ma'aikatar jin daɗin jama'a ta fitar da daftarin sabuwar doka a kan haka. Hujjar ƙungiyar mai ƙarfi ce: tarar ba ta da yawa, amma sunan mace na iya shiga kundin 'yan sanda, kuma kundin nan kan taso ranar da ta nemi biza. Duba amsar da ke kan bizar aure.

Gwamnatin Tailan tana hana irin wannan mace fasfo ko fita?

A'a. Tana da 'yancin karɓar fasfo kamar kowace 'yar ƙasa, kuma ba a rubuta sana'a a jikinsa. Inda za a iya tsayar da ita shi ne shingen ma'aikatar ƙwadago a filin jirgin sama, kamar na Suvarnabhumi. Dokar kare masu neman aiki ta 1985 ta ba jami'an ikon dakatar da duk wanda suke zargin zai fita aiki waje ba tare da ya bi ta sashen samar da aiki ba. Wannan ya shafi kowa, daga mai tsinkar 'ya'yan itace har mai tausa.

Waɗanne ƙasashe ne mai fasfon Tailan ke shiga ba biza?

Maƙwabta na ƙungiyar ASEAN ta ƙasashen kudu maso gabashin Asiya su ne a gaba: Maleshiya da Singafo, kwana 30 kowace. Hong Kong ma kwana 30. Japan ta ɗage biza ga 'yan Tailan tun Yulin 2013, na kwana 15. Koriya ta Kudu kwana 90 take bayarwa, bisa yarjejeniyar da ta faro a 1981. China da Tailan sun ɗage wa juna biza daga 1 ga Maris, 2024, na kwana 30. Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostireliya, da ƙasashen Turai na yankin Shengen kuwa, duk sai da biza.

Amma a gane da kyau: wannan rangwame na yawon buɗe ido ne da ziyara. Bai haɗa da izinin aiki ba, kowane iri ne aikin. Da yawa daga cikin matan da ake kamawa a waje, laifin farko da ake rubuta musu shi ne saɓa sharaɗin ziyara. A Hong Kong, misali, hukuncinsa na iya kai ɗaurin shekara 2 da tarar dalar Hong Kong 50,000.

To in ba a buƙatar biza, me ya sa ake juyo da mata daga filin jirgi?

Saboda maganar ƙarshe a bakin jami'in shige da fice take. Ko mai biza ce a hannu, yana iya cewa bai gamsu ba. Zai tambayi inda za ta sauka, kuɗin da ke hannunta, tikitin komawa, da aikin da take yi a gida. Koriya ta Kudu ce aka fi jin kukanta. Akwai ɗimbin 'yan Tailan da ke zaune can ba takardu, a gonaki, masana'antu da gidajen tausa, kuma wannan ya sa aka tsananta bincike. Tun Satumbar 2021 sai an nemi izinin K-ETA ta intanet kafin a hau jirgi, kuma samunsa bai tabbatar da shiga ba. A ƙarshen 2023 abin ya kai 'yan Tailan suna kira a kafafen sada zumunta da a ƙaurace wa zuwa Koriya.

Akwai rashin adalci a nan, kuma ya kamata a faɗe shi. Budurwa mai tafiya ita kaɗai, musamman in daga yankin Isan na arewa maso gabas ta fito, ana yi mata kallon zargi tun kafin ta buɗe baki, ko da malamar makaranta ce ko ma'aikaciyar jinya. Mazan da ke cika jirage zuwa Pattaya don neman mata kuwa, ba a cika tsayar da su da irin waɗannan tambayoyi ba.

Gaskiya ne Amurka tana tambayar mai neman biza ko ta taɓa karuwanci?

Gaskiya ne, kuma kowa take tambaya, ko a Bankok ko a Abuja. A fom ɗin DS-160 akwai tambaya ko mutum zai zo Amurka ne don yin karuwanci, ko kuwa ya yi karuwanci ko kawalci cikin shekaru 10 da suka wuce. Tushenta sashe na 212(a)(2)(D) na dokar shige da fice. Tarihin abin ya koma har dokar Page ta 1875, wadda aka yi amfani da ita wajen toshe wa matan China hanya.

Abubuwa uku ne mutane ba su cika sani ba. Ba sai kotu ta taɓa hukunta mace ba; amsawarta da bakinta ko wata shaida ta isa. Sannan hanin yana aiki ko da a ƙasar da doka ta yarda da sana'ar aka yi ta, domin ƙa'idar ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta faɗi haka ƙarara. Na uku kuma sassauci ne: ƙa'idar ta ce sai abin ya zama ɗabi'a mai maimaituwa, wato sana'a, kafin a ce mutum ya yi karuwanci. Abin da ya faru sau ɗaya bai shiga ciki ba. Idan kuma shekaru 10 sun cika da barin sana'ar, wannan sashe ya daina hawa kanta.

Tsananin dokar ya fito fili a 2012, da aka yi babban taron duniya kan cutar ƙanjamau a Washington. Amurka ta janye hanin shiga ga masu ɗauke da cutar tun Janairun 2010, amma na karuwanci yana nan. Masu sana'ar, waɗanda ake tattauna lafiyarsu a taron, sai suka yi nasu taron a Kolkata ta Indiya.

Idan ta ɓoye, ta amsa da "a'a", wa zai sani?

Wannan ita ce shawarar da dillalan biza ke bayarwa, kuma muguwar shawara ce. Hanin karuwanci yana da wa'adi, shekara 10. Hanin ƙarya kan muhimmin abu don samun biza, a ƙarƙashin sashe na 212(a)(6)(C)(i), na har abada ne. Ƙaryar kuma ba ta mutuwa ranar da aka buga biza. Tana iya tasowa lokacin neman katin zama, ko lokacin neman zama 'yar ƙasa, bayan mace ta yi aure ta haihu ta kafa gida. Birtaniya ma tana iya hana mutum shiga har shekara 10 idan ta same shi da yaudara a takardun biza.

Wadda ke da irin wannan tarihi, lauyan shige da fice za ta nema kafin ta cika fom. Kada ta bar wani ya cika mata abin da ba ta karanta ba, domin duk abin da aka rubuta da sunanta, a wuyanta yake.

Ba'amurke yana son auren matar da ya haɗu da ita a mashaya. Akwai hanya?

Akwai, sai dai tana da tsawo. Bizar K-1 ta wadda aka yi wa baiko tana buƙatar su biyun sun ga juna ido da ido cikin shekara 2 da suka wuce, kuma a ɗaura aure cikin kwana 90 da saukarta. Za a yi mata ganawa a ofishin jakadancin Amurka da ke Bankok, a duba lafiyarta, a kuma nemi takardar shaidar rashin laifi daga rundunar 'yan sandan Tailan. A nan ne tsohon kamun da aka ambata a amsar farko ke iya fitowa. Aiki a mashaya kaɗai ba karuwanci ba ne a idon doka, amma jami'in zai tambayi yadda suka haɗu da irin aikin da take yi.

Idan aka same ta cikin hanin, ana neman afuwa da fom ɗin I-601 a ƙarƙashin sashe na 212(h). Wadda karuwanci ne kaɗai matsalarta tana iya samu in ta nuna ta bar sana'ar ta gyara rayuwarta, kuma shigarta ba barazana ba ce ga ƙasar. Afuwar ƙarya ta fi wuya nesa ba kusa ba, don sai an tabbatar miji ko iyaye, 'yan ƙasa ko masu katin zama, za su shiga matsanancin ƙunci in ba ta zo ba. Mai neman bizar ziyara kuma tana da tata hanyar afuwar, sashe na 212(d)(3), bisa shawarar jami'in ofishin jakadanci.

Amurka ce kaɗai ke da irin wannan doka?

A'a. Sashe na 5 na dokar shige da fice ta Japan ya hana sauka ga duk wanda ya taɓa yin karuwanci ko kawalci ko samar da wurin yinsa, sai dai ya cire wanda aka tilasta wa ta hanyar fataucin mutane. Dokokin Singafo da Maleshiya sun saka karuwa, da mai cin abinci daga kuɗin karuwanci, cikin jerin baƙin da aka haramta wa shiga. Ita kanta Tailan, sashe na 12 na dokarta ta 1979 ya ba ta damar hana baƙon da take zargin karuwanci ya kawo shi.

A ƙasashen da doka ta yarda da sana'ar fa, kamar Jamus da Holan, ana ba da biza don ita?

Nan ne dillalai suka fi yin ƙarya. Suna cewa "can ba laifi ba ne", su yi shiru a kan sauran. Holan ta ɗage hanin gidajen karuwai a Oktoban 2000, amma ba ta ba 'yan wajen Tarayyar Turai izinin aiki a wannan fanni. Jamus ta halatta sana'ar a dokar 2002, sannan daga 1 ga Yuli, 2017 ta wajabta rajista, kuma ba a yi wa baƙuwa rajista sai tana da takardar zama mai izinin aiki. Mai bizar yawon buɗe ido ba ta ciki. Siwizalan ta daɗe tana ba da izini na musamman ga masu rawa a gidajen dare, har ta soke shi daga 1 ga Janairu, 2016, bayan ta ga bai kare matan daga zalunci ba.

New Zealand ta cire hukunci daga sana'ar a 2003, amma sashe na 19 na dokar ya hana ba da biza saboda ita, ya kuma ce mai bizar wucin gadi da aka kama tana yi za a iya tasa ƙeyarta gida. Kanada ta haramta wa masu izinin aiki na wucin gadi yin aiki a gidajen rawar tsiraici, tausar batsa da makamantansu. A Ostireliya kowace jiha da dokarta, New South Wales ta cire hukunci tun 1995, Victoria a 2022, amma bizar ziyara tana zuwa da sharaɗin hana aiki. Suwidin tun 1999, Norwe tun 2009 da Faransa tun 2016, mai saye suke hukuntawa, ba mai sayarwa ba. Duk da haka dokar baƙi ta Suwidin ta ba da damar korar baƙon da ake ganin ba ta halastacciyar hanya zai ci abinci ba, kuma an yi amfani da ita a kan mata.

Sakamakon duk wannan shi ne, 'yar ƙasa tana iya zuwa wurin 'yan sanda idan an yi mata fashi ko fyaɗe, baƙuwar da ke ɗaki na gaba kuwa tana tsoron ta je a kore ta. Miyagu sun san haka sarai.

Ƙasashen Larabawa na yankin Gulf fa?

Karuwanci babban laifi ne a Hadaddiyar Daular Larabawa, Baharain, Oman, Ƙatar da Saudiyya: ɗauri, sannan kora. Takardar zama kuma sai an yi gwajin jini, wanda aka samu da ƙanjamau ba a ba shi. An sha samun matan Tailan da aka kai Baharain da Dubai da sunan aikin tausa, suna sauka aka karɓe fasfonsu. Wadda ta sami kanta a haka ta duba amsar da ke kan ƙwace fasfo.

Dillali ya ce zai biya tikiti, biza da masauki, a biya shi daga baya. Mene ne aibin haka?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan. Bashin shi ne sarƙar. Kuɗin da dillali ya kashe kaɗan ne, amma abin da zai rubuta ya ninka shi sau da yawa, sannan kullum ana ƙara kuɗin ɗaki, abinci, magani da tarar ƙin karɓar baƙo. A shari'ar da aka yi a St. Paul ta jihar Minnesota, wadda ta kai ga samun mutane da laifi a 2018, an nuna yadda wata ƙungiya ta riƙa kai matan Tailan biranen Amurka da bashin dala 40,000 zuwa 60,000 a kan kowace. An nemo musu biza da takardun bogi, an kuma san gidajen iyayensu a Tailan, abin da ya isa ya rufe bakin kowace.

Mai karatu a Najeriya ya san wannan salon. Haka aka riƙa ɗaure 'yan matan Edo da bashi da rantsuwa a kai su Italiya, abin da ya sa aka kafa hukumar NAPTIP a 2003, kuma Oba na Benin ya fito a Maris 2018 ya warware rantsuwar. Alamomin iri ɗaya ne ko'ina: ba kwantiragi a rubuce, ba a faɗin jimillar bashin, an ce ta shiga da bizar ziyara, an koya mata abin da za ta faɗa wa jami'i, an kuma ce za a "ajiye mata" fasfo. Ko ɗaya daga ciki ta gani, ya isa ta fasa tafiyar.

Idan ta san irin aikin tun daga gida, har yanzu ana kiran abin fataucin mutane?

Ana iya kira. Yarjejeniyar Palermo ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan fataucin mutane, ta 2000, ta ce amincewar mutum ba ta da tasiri in an yi amfani da tilas, yaudara, barazana ko cin gajiyar rauninsa. In kuwa yarinya ce 'yar ƙasa da shekara 18, maganar amincewa ba ta taso ba sam.

Shari'ar Wei Tang, wata mai gidan karuwai a Ostireliya, ta fayyace wannan. Mata biyar 'yan Tailan sun je wani gidan karuwai mai lasisi a Melbourne da saninsu, kowace da bashin da ya kai kusan dalar Ostireliya 45,000, wanda za ta biya da kwana da maza har 900, kwana shida a mako, fasfonta a hannun wasu. A Agustan 2008 babbar kotun ƙasar ta tabbatar da cewa wannan bautarwa ce. Matan da yawa ba sa neman taimako don suna ganin ai su suka kawo kansu, kuma masu riƙe da su kullum wannan suke nanata musu. Yarda da aiki daban, yarda a mallake mutum daban, kuma kotu ta raba su.

An ƙwace mata fasfo a ƙasar waje. Ina za ta nufa?

Ofishin jakadancin Tailan mafi kusa. Yana ba da takardar tafiya ta gaggawa da za ta koma gida da ita ko ba fasfo. Dangi a Tailan kuma suna iya kiran 1300, layin agajin ma'aikatar jin daɗin jama'a, ko su kai ƙara sashen kula da 'yan ƙasa a waje na ma'aikatar harkokin waje. Kafin tafiya, ta bar kwafin fasfo da adireshin inda za ta a hannun wani amintacce a gida.

Ƙasashe da yawa suna da kariya ga wadda aka yi fataucinta. Amurka tana da bizar T tun dokar 2000, har guda 5,000 a shekara, galibi bisa sharaɗin taimaka wa masu bincike. Yarjejeniyar Majalisar Turai kan yaƙi da fataucin mutane ta tanadi aƙalla kwana 30 na hutu da nazari, wanda ba a korar mace a cikinsa. Birtaniya tana da tsarin tantance waɗanda aka cuta tun 2009, da dokar yaƙi da bautar zamani ta 2015. Sai dai ba kowane ɗan sanda ke tambayar yadda mace ta zo ba, don haka ta faɗi batun bashin da fasfon tun a zaman farko, ta nemi tafinta da lauya, kada ta sa hannu a takardar da ba ta fahimta ba.

Wadda aka koro, za a hukunta ta a Tailan? Kuma za ta iya sake fita?

Korowa kaɗai ba laifi ba ne a Tailan. Wadda aka tabbatar an yi fataucinta, dokar Tailan ta yaƙi da fataucin mutane ta 2008 ta ba ta haƙƙin mafaka, magani, taimakon shari'a da neman diyya, sashe na 41 kuma ya hana gurfanar da ita kan karuwanci ko laifin shige da fice sai da izinin ministan shari'a a rubuce. Wadda ta koma tana ɗaukar wasu mata tana turawa waje kuwa, ta shiga hukuncin kawalai da aka faɗa a amsar farko, ko da a da ita ma an cuce ta.

Sake fita ya dogara da ƙasar da ta koro ta. Japan tana hana komawa shekara 5 a korar farko, 10 a ta biyu. A Amurka, zaman da ya wuce kwana 180 ba izini yana jawo hanin shekara 3, shekara guda ko fiye kuma hanin shekara 10. A yankin Shengen hanin yakan kai shekara 5, kuma ana shigar da shi kundin da duk ƙasashen yankin ke gani. Sauya suna, wanda abu ne mai sauƙi a Tailan, ba ya goge komai, domin ana ɗaukar zanen yatsu. Fom ɗin biza na ƙasashe da yawa kuma yana tambayar ko wata ƙasa ta taɓa korar mai nema, wanda ya mayar da mu ga amsar da ke kan ɓoye gaskiya.